Fari Yana Ciki

Fijon Baba ta girme ni da shekara tara.
A gwanjon kamfanin kuza ya saye ta, a Bukuru.
A hoton da ke bisa kabad
tana tsaye da farin zobe a kowace ƙafa,
kamar 'yar makaranta da sabuwar safa.

Na buga waya Legas, na tambayi kuɗin irin tayar.
Mutumin ya faɗa. Na ce, sake faɗa.
Albashina ne na wata huɗu.
Na ce a gaida gida.

Sai na sayi fenti rabin galan a Taminus,
da buroshi, da sanfefa, da omo.
Na ɗaga ta a jak a ƙofar gidanmu na Gangare,
na wanke roba har yatsuna suka yi yaushi,
na ɗaura alli a zare na zagaya
yadda nake koya wa 'yan aji huɗu zana da'ira.
Ta yi kyau. Wallahi ta yi kyau
na kwana shida.
Ran na bakwai hadari ya gangaro daga duwatsun Shere
da ƙanƙara kamar tsakuwa.
Tsakanin Farin Gada da gida
fentin ya tsage, ya zube kamar ɓawon ƙwai.
Yaran layi suka ce motar Malama ta yi kyasbi.

Davou mai faci ya yi dariya har da tari.
Ya ce, Ladidi, roba tafiya take tana lanƙwasa,
fentin bango kuwa bai iya rawa ba.
Je ki Dilimi, nemo taya 'yar Kwatano
mai farin rubutu a jiki.
Farin bai tsaya a rubutun ba,
yana kwance a ƙasa, ya zagaye ta kaf,
baƙin lulluɓi ne kawai aka yi masa.

Ban yarda ba, amma na je.
Ciniki har la'asar: guda biyar, ɗaya da faci.
Ya ara mini injin gurza, ya ce sassauta hannu.
Ki ci kaɗan, baƙi na nan.
Ki ci da yawa, ki tarar da zare,
taya ta tashi daga aiki.

Ta farko na tarar da zare.
Yanzu albasa ce ke tsiro a cikinta, bayan ɗaki.

Ta biyu, ƙanena Tanimu na juya ta a hankali,
baƙin gari na sauka a ɗankwalina, a hancina, a shayina,
sai ga shi.
Siriri da farko, kamar jinjirin wata,
sannan ya buɗe.
Tanimu ya daina juyawa. Na ce, juya mana!
Muryata ce ta rawa, ba hannuna ba.

Asabar uku muka yi.

Baba kuwa yana ta rufe masa ido tun bara waccan,
mu duka inuwa ne a wurinsa,
da tari da takun tafiya yake bambance mu.
Na riƙo shi zuwa ƙofa, ban ce komai ba.
Ya tsaya. Ya karkata kai.
Ya ce, wa ya mayar mata da safarta?
Ya durƙusa, gwiwarsa na ƙara,
ya bi zoben da yatsa har ya dawo inda ya fara,
ya ce, ta baya ta hagu ta fi sauran faɗi.

Gaskiya ne. Da kusan rabin yatsa.

Mun tura ta sau biyu kafin ta tashi.
Na ja mu zuwa Lamingo a giya ta biyu,
yana gaba, gilashi a sauke, hularsa a cinya,
yana faɗa mini inda ramuka suke
a titin da aka sake wa kwalta tun tuni.
Ina kauce musu duka.