Igiyar Tana Hannunsu

Jika tamanin na ƙirga wa Laminu
a rumfarsa ta bayan Kasuwar Dole.
Ya lashi yatsa, ya sake ƙirgawa,
ya ce, "Ɗauki kwamfutarki, Yagana, ta zama taki."
Na rungumo ta bisa kabu-kabu
kamar jinjiri ranar suna.

Daren farko ta shimfiɗa mini takarda,
rubutu ƙanana kamar ƙwan kiyashi,
Faransanci mai wuyar tauna.
Na ja, na ja, gindin ya ƙi zuwa.
Can ƙasa, akwati ɗaya tak: na yarda.
Babu "a rage mini,"
babu "bari in shawarci yayana."
Wane irin ciniki ne ba a cewa albarka?
Na danna.
In ban danna ba, da me zan buga takardun mutane?

Shekara biyu muna ci tare:
takardar neman aiki, katin suna,
kundin ɗalibai masu zuwa da jajayen idanu.
Sai wata Laraba wuta ta tafi,
ta dawo a fusace.
Ƙauri ya cika shago.
Laminu ya buɗe cikinta, ya ce uwar ta ƙone,
ya dasa wata, jika ashirin da biyar.

Ta farka ba ta san ni ba.
A kusurwar allo, rubutu mai ruwan toka:
wannan ba halattacciya ba ce, a biya.
Ni?
Ni da na sayar da keken ɗinkina saboda ita?
Laminu ya sosa ƙeya.
"Lasisin na tsohuwar uwar ne, ya bi ta kabari.
Ba a gadonsa, ba a ƙaura da shi.
Ƙarfen kika saya.
Ran da ke ciki, aro ne."

Ubana baduku ne a Birni.
In ya sayar da jaka, ya sayar.
Ka rina ta, ka farke ta ka ga ɗinkin,
ka ba ɗanka, ka mai da ita guga in ka so,
ba zai biyo ka gida da tsakar dare
ya ce buɗe in ga abin da ka zuba ba.
Su kuwa sun ce kar in kwance, kar in leƙa,
kar in ɗiba in zuba wa ƙanwata a tata,
kuma duk ran da suka sauya magana
shirun da na yi ne sa hannuna.
An sayar mini da akuya,
igiyar tana hannun wani
da ko a mafarki bai taɓa hawa duwatsun Damagaram ba.

To, biyan ma ta ina?
Sun ce da katin banki.
Ni kuɗina a gwangwanin madara suke kwana.

Laminu ya rage murya:
"Akwai ta bayan fage, jika biyu, ba mai ji."
Na ce ban saci ta farko ba,
don me zan koyi sata a kan kayana?
Ya ce, "Akwai wata kuma, ta kowa,
kamar famfon sadaka, ba a tambayar sunan mai tulu.
Sai dai ki sake koyon inda komai yake,
kamar wadda ta tare a sabon gida ba fitila."

Ban ba shi amsa ba.
Wani dattijo yana zaune kan bencina tun hantsi
da takardar gona, nannaɗe cikin leda.
Na soma buga masa iyaka:
gabas, kukar Malam Ciroma; yamma, hanyar shanu.
Ya miƙo wuya, ya nuna kusurwar allo da haɓa,
ya ce, "'Yata, wancan rubutun fa, ya shafi gonata?"
Na ce a'a, Baba.
Tawa ce ake magana.