Awa Uku da Minti Shida

Ni ce ma'aikaciya, ni ce shugaba,
ni ke yin tsawa, ni ke sunkuyar da kai.
Ofishina teburin girki ne a tudun Valparaíso,
garin da matakala ta fi titi yawa,
teku na leƙo ni ta taga
kamar mai bin bashi mai haƙuri.

Taswira nake zana wa duk wanda ya biya.
Da can awannina ɗibar ruwa ne da kwando,
in yini a sunkuye, dare ya yi,
in kasa nuna abin da na tsinana.
Sai Ximena Ossandón, 'yar ajinmu ta dā,
ta sa mini wata 'yar manhaja:
jerin ayyuka ɗaya, agogo ɗaya,
madanni kore na farawa, ja na tsayawa.
Ba surutu, ba wa'azi,
lissafi kawai, kamar tsohon mai kanti.

Litinin, taswirar gonar inabi,
awa biyu da minti goma sha bakwai.
Talata, mai otal ya sake canza launin teku,
karo na huɗu ke nan.
Na ci ladan kuturu, aski ya zama dole,
sai dai yanzu kowane jan aska da farashinsa.

Laraba da hantsi na danna kore,
sai na ji faɗuwa a waje,
ba irin ta kyanwa ba.
Don Evaristo ne, da ya tsufa yana ɗaure jiragen ruwa.
Lemonsa na gangarawa ɗaya bayan ɗaya,
ƙafarsa ta juya inda ƙafa ba ta juyawa.
Na tallafe kansa a cinyata.
Motar asibiti ba ta hawa tudunmu,
maza huɗu suka sauke shi a kan ƙyauren ƙofa.
A bencin jira ya ba ni labarin
jirgin da ya tafi ya bar shi a Callao.
Sau biyu ya ba ni.
Ban ce masa na riga na ji ba.

Na dawo, shayi ya huce,
agogo na ta gudu, bai san an fita ba.
Awa uku da minti shida.
Manhaja ta tambaya da ladabinta na kullum:
a sunan wa za a rubuta wannan?

Mai otal ba zai taɓa sani ba.
Kuɗin haya na jira na ranar Juma'a.
Yatsana ya yi ta shawagi
kamar shirwa a kan 'yan tsaki.

Sai na buɗe sabon layi,
na rubuta Evaristo,
a gurbin farashi na sa sifili.

Ƙarshen wata lissafi ya fito,
kowane suna da pesonsa a gaba,
nasa kaɗai hannu rabbana.
Na biya haya da ƙyar da jiɓin goshi,
saura na burodi da kalanzir.

Jiya na ji sanda tana ƙwanƙwasa ƙofa.
Ya miƙo leda, bai ce komai ba,
ya juya yana ɗingishi.
Na leƙa ciki, lemo ne, guda uku.

Minti shidan na yafe masa.