Ɗigo a Wutsiya

Kawu Cephus ya kashe inji tun a mashiga.
"Daga nan sai gora. Farfela ba ta da ido."
Teku na janye ruwanta daga gaɓar Jojiya,
kogi ya rame har haƙarƙari sun fito:
tudun kawa, ɓawo kan ɓawo,
kowanne da bakin aska.

Bara na raina su.
Ga tabon a tafin ƙafata, ɗinki bakwai.

"Karanta ruwan, Odessa.
Inda ya yamutse fuska, akwai haƙori a ƙasa.
Inda ya yi duhu, bi."

Can gindin ciyawa, ruwa bai kai gwiwa ba,
jan kifi ya ɗago wutsiya, tagulla da baƙin ɗigo,
kansa cikin laka, yana tonon ƙaguwa.
Na jefa masa jatan lande, na riƙe numfashi.

Ya fizga. Zare ya yi kuka.
Ɗan gari ne, ya san hanya:
ya goga zaren a kaifin kawa,
ya tafi da ƙugiyata.

Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗa ruwa.
Kafin mu tsamo ta, kwalekwale ya zauna a laka.
Awa huɗu muka jira teku,
mu da sauro da burodi ɗaya.