Layin Gareji

Daren da na tayar da zarton Baba
gidan ya mutu gaba ɗaya.
Firji ya yi shiru, talabijin ta haɗiye maganarta,
a bene kuwa injin da ke ba Inna iska
ya yi ƙara sau uku, ya tsaya.
Na hau matakala da tocila a baki
ina ƙirga numfashinta kamar kuɗin bashi.

Washegari Custódio ya zo, fensir a bayan kunne.
Shekara talatin yana ja wa masaƙun Covilhã waya
kafin su rufe, ɗaya bayan ɗaya.
Bai taɓa komai ba.
Ya tsaya tsakiyar gareji, hannu a aljihu,
yana kallon soket ɗaya tilo
da na ɗaura wa jela, jelar ma na ɗaura mata jela.
Ya ce, "Ermelinda, kayan alfadari kika ɗora wa ɗan akuya."

Muka kife wani kwali, ya zama takarda.
"Kar ki faɗa mini abin da kike da shi,
faɗa mini waɗanda ke tashi tare."
Zarto ba ya aiki sai da mai zuƙe ƙura.
Kwamfuresa ba ya neman izini,
yakan farka ne lokacin da ya ga dama.
Injin walda kuwa ba ya cin kwano ɗaya da kowa,
a ba shi layinsa, a ba shi fis ɗinsa, a huta.

Ya ce inji a farkon tashi mayunwaci ne,
yana jan ninkin ba ninkin abin da zai ci in ya daidaita,
kamar tsoho zai miƙe daga tabarma:
wahalar duk a gwiwar farko take.

Muka auna daga mita zuwa bangon baya,
taku ashirin da bakwai, ta ƙarƙashin kurangar inabi.
Ya ce nisa na shan wuta a hanya,
sai waya ta yi kauri kamar ɗan yatsana.
Na tambayi kuɗin. Ya faɗa. Na zauna a kan bokiti.
Ya ce, "Araha ba ta ado,
siririyar waya kuma ba ta ƙara kafin ta ci gida,
ɗumi kawai take yi cikin bango, ta yi shiru."

Fitilu daban, ya nace,
don ran da zarto ya yanke wuta
kada duhu ya same ni da haƙoran ƙarfe suna juyawa.
Soket a tsayin ƙugu, ba a ƙasa ba inda ruwan hunturu ke kwana.
Jan maɓalli a bakin ƙofa, wanda gwiwar hannu za ta iya bugawa.
Sandar jan ƙarfe a cikin ƙasa,
domin wutar da ta ɓata hanya ta bi ta nan, ba ta jikina ba.

Layin Inna kuwa ya zagaye shi sau biyu da fensir.
Babu abin da zai raɓe shi.

Da ya zana akwatin rarraba wuta na ƙirga gurabe:
goma sha biyu, takwas kawai muka cika.
Na ce, "Huɗun nan fa?"
Ya ce, "Na injinan da ba ki saya ba tukuna."
Na ce shekaruna sittin da ɗaya.
Ya mayar da fensir bayan kunne,
ya ɗaga kai yana kallon dusar ƙanƙara a kan dutse.

Kwalin na nan manne a bango.
Da dare, in na sauko daga ɗakin Inna,
nakan haska shi da tocila,
in tsaya a kan guraben nan huɗu.