Giram Huɗu a Lita

Da asuba nake zura ma'auni a mashigin Ba Tri.
Igiya ta jiƙe, allo ya ƙyafta:
huɗu da ɗigo biyu.
Tsoho Bay Hoanh ko duban allon bai yi ba,
ya tsoma yatsa, ya kai baka, ya tofar.
"Teku ta riga ki zuwa, Suong.
Tun shekaranjiya take kwana a gonata."

Aikina ba shi da suna a bakin mahaifiyata.
Takan ce wa maƙwabta:
"Yawo take da kwalabe."
Ban taɓa musa mata ba.

A Can Tho, masana na magana da jadawali,
"mai yiwuwa," "kashi saba'in cikin ɗari,"
kogi na ramewa, ƙasa na lotsawa a hankali
kamar tsohuwar katifa.
Na ɗauko wannan saba'in ɗin a bayan babur,
na tsallake gada biyu da jirgin fito ɗaya,
in na iso, tambaya guda ce ke jirana a gindin kwakwa:
"Mu shuka, ko kar mu shuka?"
Babu manomin da ke shuka kashi saba'in na fatansa.

Bara waccan na ce kar a shuka.
Ruwa ya sauko har wata biyu, mai daɗi, kamar da gayya.
Ut Lanh, wadda ta bar fadamarta fayau saboda bakina,
ta daina amsa gaisuwata har aka yi girbi.
Zomo ba ya fushi da makashinsa.
Ni ce maratayin. Na haɗiye.
Na koyi cewa "ban tabbata ba" da ƙarfi,
yadda na bayan taro ma zai ji.

Ran Alhamis, hawa na goma sha huɗu a Saigon.
Teburi mai sheƙi, sanyin na'ura na cizon wuya,
kamfanin da ke matse 'ya'yan itace cikin gwangwani,
wanda famfunansa ke zuƙar mashigin nan dare da rana.
Nasu yaren gajere ne: "Nawa?"
Na juya gishiri ya koma kuɗi,
na juya tushen duriyan da ya ƙone ya koma asarar zango uku.
Wani ya duba agogo.
Wani ya ce a kafa kwamiti.

Sai na buɗe jaka.
Kwalbar safiya ce, da laka a gindinta.
Na tsiyaya a kofin shayin shugabar, Quach Le Thuy,
na ce, "Wannan za ku riƙa wanke mangwaro da shi a watan uku.
Wannan Bay Hoanh ke ba shinkafarsa yau."
Ɗakin ya yi tsit.
Ta kurɓa. Ta yamutsa fuska. Ba ta tofar ba,
ta ce kakarta ma 'yar bakin kogi ce.
An ce gani ya kori ji.
Ranar, harshe ne ya kori su duka biyun.

Tafki uku na roƙa, ɗaya aka ba ni,
da alkawarin kashe famfo awa shida
duk sa'ad da teku ta ja baya,
don ƙananan magudanai su samu su sha.
Alkawari a takarda. Zan bi shi da ƙafa.

Na dawo bayan isha.
Ut Lanh na zaune a kan madatsa, tana ɓare lemo.
Ba ta gaishe ni ba.
Ta miƙo min rabi, idonta a kan ruwa,
ta ce, "Gobe nawa zai kai?"

Na ce, "Ban tabbata ba. Zo mu auna."