Tsirkiya Huɗu

Rumfata tana hanyar Magami, a Gusau,
tsakanin mai faci da mai sayar da fiyus.
Duk abin da ya mutu da magana a baki
nan ake kawo shi:
rediyo, lasifikar masallaci, amfilifayar 'yan biki.
In ɗiga musu dalma, su tashi.

Ran Talata Bagudu ya zo
da jitar bes cikin buhun taki,
wuyanta a waje kamar raƙumi a bayan akori-kura.
Jikansa na biye, amfilifaya a ka.
Hannun hagunsa na aljihu,
tun azumin bara bai fito ba.

"Nawa kaka saye?"
Ban tanka ba, na juya ta.
Inda babban yatsa ke zama
fenti ya ci, katako ya lotsa,
gurbi kamar na dara.
Tsirkiya uku na kamfani,
ta huɗun, mai kaurin,
wayar birkin babur ce.

Ya ce jirgin ƙasa ya kawo ta daga Ikko
zamanin masaƙa na numfashi,
ran albashi a kwana ana rawa.
Ya ce, "Mai waƙa aka ma liƙi,
mu muna baya, kusa da janareta.
Amma in na ɗauke hannu
ƙafar kowa sai ta ɓace."

Na taya talatin.
Albarka.
Na ce, Baba, yaran yanzu fiyano guda gare su,
kalangu na ciki, bes na ciki,
yatsa ɗaya ke aikin mutum biyar.
Talatin da biyar.
Albarka, ya ce, yana duban titi.

Ba wuta. Na ja janareta, sai a na huɗu ta kama.
Amfilifayar ta yi gyaran murya,
takardar sifikarta duk faci, gam da ƙyallen atamfa.
Ya zaro hannun nan daga aljihu,
ya aza a wuyan jita
kamar mai ajiye kayan wani.
Yatsun suka ƙi.
Sai ya bar su,
ya taɓa wayar birki da dama kawai.

Dum.

Kusoshi suka yi tsalle a gwangwani.
Ruwan randa ya yi gira.
Mai faci ya ɗaga kai yana neman hadari.

Nomau, yaron shagona, kurma ne tun haihuwa.
Shekara shida yana gyaran abin da bai taɓa ji ba.
Na ga ya ajiye sukundireba,
ya rarrafo, ya manna tafi a ragar sifika,
ɗayan tafin a ƙirjinsa.
Dum. Dum-dum.
Ya dube ni, ya dubi tsoho,
bakinsa a buɗe,
kamar wanda aka kira da sunansa karon farko.

Bagudu ya yi ta yi, tsirkiya ɗaya,
har mai ya ƙare.

Arba'in da takwas na ba shi,
kuɗin hayar rumfa a ciki.
Ya ce ya sallama.
Ya ƙirga da hannu ɗaya, yana danne su da gwiwa,
ya ce a ba shi buhun, na maƙwabci ne.

Tun daga nan an taya sau biyu.
'Yan kwayar Sabon Gari sun kai saba'in,
wani mai situdiyo ya ce zai sauya tsirkiyar.
Ni dillali ne, ban gaji ƙin riba ba,
amma na ji bakina yana cewa albarka.

Yanzu in an tashi kasuwa
rabin lita nake bari a tanki.
Nomau ya zauna kan amfilifayar, ba takalmi,
babban yatsansa a gurbin Bagudu.
Bai cika shi ba tukuna.