Kwana Tara a Kan Gada

Sabahudin, ɗana, ka zo da jan fenti
ka shafa wa tuffar babanka lamba,
ka ce ta nan bututu zai bi.
Ka ce, Inna, kogin ba mutuwa zai yi ba,
rigar ƙarfe kawai za a sa masa,
ya yi kilomita huɗu cikin duhu
ya ɓullo can ƙasa da maƙabarta.

To ni ma a ɗaure ni a buhu
a ce ai numfashina na nan.

Ruwan nan dusar ƙanƙarar bara ce
da ta gaji da zaman kan tsauni.
Kore shar yake saukowa, in ka kurɓa haƙori ya amsa.
Shi ya juya dutsen niƙan kakanka
a shekarun da Bosniya ke ci da wuta,
ba mai, ba gishiri, ba labarin maza,
amma garin masara bai yanke mana ba.
Ba za ka tuna ba, kana goye.

Na je biki ƙauyen bayan dutse.
Gadarsu na tsaye kan busassun duwatsu
kamar zobe a yatsan gawa.
Kwaɗi sun yi ƙaura.
Lantarkin ya bi waya ya tafi birni,
da kyandir suka raka mu mota.
Gani ga wane, ɗana.

Yau kwana tara muna kan gada,
ni da Fikreta da Mersiya mai ciwon gwiwa.
Mun kafa murhu, muna saƙa safa.
Katafila ta ja birki tana huci,
direbanta yaro ne,
jiya da sanyi ya matsa ya karɓi gahawa.

An kawo takarda mai hatimi uku.
Na ce a sauka a karanta wa kifi,
mai jan ɗigon nan da ke kwana ƙarƙashin saiwa,
in ya sa hannu, ni ma na sa.

Shekara sittin da takwas
ban taɓa barci babu wannan ƙara ba.
Ran da ta ɗauke,
me zan ji? Tarina?

Na hango ka bayan katafila,
hular kwano a ka, ido a ƙasa.
Matso. Ga kofinka.
Ruwan da na dafa shi,
da shi aka wanke ka ran da ka faɗo duniya.
Shanye tukuna,
sannan ka nuna mini
ta kan wacce a cikinmu za ka bi.